Yadda Za Ka Burge Surukinka da Amalanken Tumatir a Gangaren Kanal

Kai da ka yi boko ka auro 'yar manomi, matso kusa, na san ciwonka. Duk sanda ka je gaida surukai a ƙauyensu na ƙasar Bunkure, sai a shimfiɗa maka tabarma mai kyau, a kawo fura, a tambaye ka mutanen Kano, daga nan a koma hirar shinkafa da tumatir kamar ba ka wurin. Kana koyar da kimiyya a makaranta, yara suna miƙewa in ka shigo aji, amma a gidan nan ko ƙarfe nawa ba a taɓa tambayarka ba. To ga magani ya zo. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari kafin azahar babu wanda bai san da zamanka ba, tun daga gonar har kasuwar Kwanar Gafan. Ba labari aka ba ni ba. Da hannuna na gwada, hannun ma har yau yana ɗauke da shaida.

Don sauƙin bayani za mu kira surukinka Malam Maharazu, matarka Saliha, yayanta kuma Mudassiru. In sunayen sun zo ɗaya da na gidan da na yi aure, dacewa ce kawai.

1. Zaɓi ranar da ake da abin asara

Kada ka ɓata iliminka a ranar da ba a komai. Jira ranar tsinkar fari ta tumatir, wadda Malam Maharazu ya yi wata huɗu yana jira. Shi ya reni irin, shi ya dasa, shi ya riƙa tsayawa cikin laka yana juya ruwa daga wannan kunya zuwa waccan har ƙafafunsa suka tsattsage. Yau kwanduna sun cika, motar Sunday direba za ta zo ta kwashe zuwa kasuwa, kuma ba za ta jira kowa ba.

Ranar ta fi dacewa in matarka ta riga ta raɗa maka wani sirri. Tawa ta ce da ni, "Baban Binta, Baba fa ya ce zai ba ka filin nan na bakin kanal ka yi noman rani. Hannunka kawai yake so ya gani tukuna. Don Allah ka je ka yi abin da aka sa ka, ka yi shiru."

Ka riƙe maganar fili, ka yar da maganar shiru. Sa farar shadda da takalmi sawu-ciki mai sumul ɗin ƙasa, irin wanda ko a masallaci yake neman kayar da kai. Masu silifa da masu ƙafa ba takalmi su san bambanci tun daga nesa.

2. Dubi wurin kamar mai shirin sayensa

Gonar tana kan ɗan tudu. Daga bakinta hanyar amalanke ta gangaro, tafiyar da ba ta wuce taku arba'in ba. A ƙasa hanyar ta yi kwana ta hagu ta hau wata 'yar gada, a hayin gadar ne mota take tsayawa. Wanda bai yi kwanar nan ba, abin da ke gabansa kanal ne, cike da ruwa yana gudu. Ruwan ban ruwa kuma yana tsiyayowa daga gona ya jiƙa gangaren, ƙasar wurin laka ce.

Zuba hannu a baya, ka sauka ka hau sau biyu, kana gyaɗa kai kana cewa "hmm". Babu abin da za ka gano, amma za a ga kana dubawa.

3. Nemo jahilci

Ba za ka sha wahala ba. Mudassiru zai ɗaura wata tsohuwar tayar mota da igiya a bayan amalanke, ya ɗora mata dutse, ta riƙa jan ƙasa a kwance kamar mushe. Surukinka kuma zai ɗauko buhun ƙaiƙayin shinkafa ya bi gangaren yana watsawa har ƙasa. Sannan su ɗora kwando huɗu kacal a amalanken da zai iya cin goma sha biyu, su yi sawu uku.

Shekara da shekaru haka suke yi, kuma kwando ko ɗaya bai taɓa faɗa musu a ruwa ba. Kada wannan ya rage maka ƙarfin gwiwa. Mutumin da bai san sunan abin da yake yi ba, sa'a kawai yake ci, kuma aikinka ne ka raba shi da ita.

4. Yi musu darasi

Tsaya inda kowa zai gan ka, har masu tsinka da aka ɗauko aiki. Ka gyara murya ka ce:

"Baba, akwai abin da muke kira gogayya. Duk abu biyu da suka gogi juna, ɗaya yana riƙe ɗaya. Ita ce take tsayar da ƙwallo in an gangara ta, ita take cinye ƙasan silifa, ita take sa hannu ɗumi in an murza shi da safe. Wannan tayar da kuke ja, gogayya ce tsagwaronta. Ƙaiƙayin nan ma haka. Ƙarfinku kuke zubarwa a ƙasa."

Daga nan ka hau kan babbar magana. Ka ce ƙarfi ba ya ɓacewa, kama kawai yake sauyawa. Kayan da ke kan tudu suna da ƙarfi a ajiye saboda tsayin wurin, in an sake su ƙarfin nan ya zama gudu. Tudun da kansa zai kai kayan ƙasa kyauta, amma su sun ɗaura masa taya tana mayar da kyautar zafi da ƙura da ƙara.

Duk abin da ka faɗa gaskiya ne, a nan daɗin yake. Babu malamin da zai cire maka maki ko ɗaya. Abin da ba za ka tambayi kanka ba shi ne, in kayan sun isa ƙasa da gudun nan, wa zai karɓe shi daga hannunsu. Bar wannan tambayar, ba ta cikin abin da ka shirya.

Yanzu ga sirrin da ya sa hanyar nan ba ta taɓa faɗuwa. Da ɗan cikinsa ne ya yi wannan surutu, da Malam Maharazu ya daka masa tsawa tun a kalma ta uku. Amma kai mijin 'yarsa ne. Akwai kunya tsakaninku, ko sunanka ba ya kamawa, balle ya ƙaryata ka a gaban 'yan aiki. Zai dubi ƙasa, ya shafa gemu, ya ce:

"To, Malam. Allah ya ƙara sani. Mu dai haka muka taso muka gani."

A wurin mutanen gidan wannan magana tana nufin ka bar tayar nan inda take. Kai ka ɗauke ta izini.

Mudassiru ba shi da kunyarka sosai. Zai matso ya ce, "Injiniya, wurin nan fa da santsi. Bara jaki ma sai da ya zauna a nan." Ka yi masa murmushin tausayi, ka ce jaki bai yi makaranta ba. Uban zai yi masa wani kallo, shi ma ya ja bakinsa, domin ba a tsinka baƙo a gaban mutane.

5. Gyara musu komai

Kwance tayar ka mirgina ta gefe da ƙafa. Igiyar ka bar ta tana reto a bayan amalanke, kwance ƙullin zai ɓata maka farce, kuma za ta yi maka rana nan gaba.

Karɓi tsintsiya ka share ƙaiƙayin tas, har lakar ta fito tana sheƙi. Dattijon zai tsaya da buhu a hannu yana kallon ka kana share abin da ya gama watsawa. Kada ka haɗa ido da shi, za ka iya jin wani abu a ranka.

Je wurin injin ban ruwa ka lakato giris, ka cusa a inda tayoyin amalanken suke juyawa. Wannan kam a shimfiɗaɗɗiyar hanya alheri ne, duk mai tura kaya zai sa maka albarka. Ka juya tayar amalanken da yatsa ɗaya a ga yadda take ta wulwulawa ba ta son tsayawa. 'Yan aiki za su ce "kai!" Ajiye wannan "kai" ɗin a zuciyarka, ita ce yabo na ƙarshe da za ka ji.

Sai lodi. Sawu uku ɓata lokaci ne. Ka sa a jera kwanduna goma sha biyun gaba ɗaya, a ɗaure. A aji ka sha gaya wa yara cewa nauyi in ya ninka uku, ƙarfin da za a tsayar shi ma ya ninka uku. Yau Asabar ce, ba ranar aji ba.

Daidai nan Sunday zai iso hayin gada ya danna ham, ya leƙo ta taga ya ɗaga murya: "Baba Maharazu, a yi sauri, akwai kayan mutum biyu a gaba!" Sai ya hangi amalanken, ya hangi gangaren a share, ya buɗe ƙofa ya fito ya tsaya. Direba ne, ya san abin da birki yake nufi.

6. Kama hannun amalanken da kanka

Mudassiru zai miƙo hannu, ka ce ya bari. Abin da ake so a gani hannunka ne, da bakin Saliha aka faɗa.

Ka ce bismillah, ka ɗan tura. Taku uku na farko za ka ji daɗin da ba ka taɓa ji ba tun ranar ɗaurin aurenka. Amalanke yana tafiya da kansa, babu ƙara, babu ƙura. Waiwaya ka dubi surukinka ka ce, "Baba, ka gani ko?"

A taku na biyar za ka lura ba kai kake tura shi ba. A na bakwai za ka lura shi yake jan ka. Sai ka yi abin da kowane ɗan Adam yake yi, ka kafa dugadugai a ƙasa. A nan ne za ka tuna cewa tsayuwa ma da gogayya ake yinta, tafiya ma haka, kuma ƙaiƙayin da ka share don ƙafar mutum aka watsa shi. Sumul ɗin takalmi zai haɗu da sumul ɗin laka su gaisa, babu mai riƙe wani. Za ka bi amalanken a tsaye ƙafafu a haɗe na ɗan lokaci, sannan ka bi shi a zaune.

Tudun zai cika maka alkawarin da ka yi da sunansa. Duk tsayin da aka rage, gudu ya ƙaru, ba a ɓatar da komai a hanya ba, tunda duk abin da zai ɓatar ka kawar da shi da hannunka.

7. Damƙi igiya

Hannun amalanken zai kuɓuce maka. Igiyar da ka bari tana bin ƙasa a gabanka, ka damƙe ta da hannu bibbiyu. Yanzu aikin da tsohuwar taya take yi shekara da shekaru ya dawo kanka, sai dai ita da roba aka yi ta, kuma an ɗora mata dutse.

Igiyar za ta zare ta cikin tafukanka. Ka ce musu ɗazu gogayya tana mayar da gudu zafi. Ga shi ana nuna maka a fatar hannu, har da ƙauri. Ban san iya daƙiƙun da na riƙe ba. Na dai san na yi ihun da masu wanki a can ƙasan kanal suka ɗauka an yanka wani abu. Ka saki lokacin da jikinka ya yanke shawara, ba zai tambaye ka ba.

Amalanke zai isa kwana. Kwana ma sai taya ta ciji ƙasa ake yinta, kuma sai da mai juyawa. Babu ko ɗaya, don haka zai yi abin da duk abu mai gudu yake yi in ba a tare shi ba, ya miƙe. Za ka ji ƙara ɗaya mai nauyi, ruwa ya tashi sama da tsayin mutum.

Sai kanal ya yi ja.

8. Kada ka yi shiru yanzu

Tumatir zai taso saman ruwa ya kama hanya, dubbai, yana tafiya a natse kamar jama'a sun taso daga Idi. Mata masu wanki za su zubar da kaya su tara robobi. Wani mai babur zai tsaya a kan gada ya ciro waya. Mudassiru da 'yan aiki za su faɗa ruwa da kwanduna, abin da suka tsamo rabi a fashe, rabi a dame da laka, ba mai saye a kasuwa. Sunday zai cire hula ya riƙe, ya ce, "Baba, sannu. Wallahi sannu." Ya jira iya abin da zai iya, sannan ya tafi da motar ya ɗauki kayan wasu.

Kai kuma kana zaune a tsakiyar gangare, shaddar ta zama kalar tukunya, takalmi ɗaya ya yi gaba. Mutane za su taru a kanka. Wannan ita ce damar da kake nema tun da ka yi aure, kowa kai yake kallo. Ka buɗe baki ka ce a ƙa'ida lissafin daidai yake, lakar ce ta fi yadda aka zata santsi.

Mudassiru zai fito daga ruwa yana ɗiga, ya dube ka sama da ƙasa, ya ce, "Injiniya, jakin bara dai shi kaɗai ya zauna. Kayan bai sake su ba."

Daga ranar sunan ya zauna. Ko a Garun Mallam na sauka daga mota, sai na ji an ce ga Injiniya nan. Na gaya maka za a san ka.

9. Shirya wa tambaya ɗaya

Ka tanadi amsar zagi, ka tanadi ta tsawa. Ba za a yi maka ko ɗaya ba, kuma wannan ne mugun wurin.

Malam Maharazu zai gangaro a hankali, ƙafa ba takalmi, yana dasa yatsu a laka. Ba zai dubi kanal ba. Hannuwanka zai kama ya juya, ya ga yadda igiya ta ɗauke fata, ya aika gida a kawo man kaɗe. Da kansa zai durƙusa ya shafa maka, dattijon da ko tabarma ɗaya ba ku taɓa haɗawa ba. Tafinsa kamar ɓawon itace, wata huɗu na ƙotar fartanya ne suka mayar da shi haka. Ina ji a jikina da zai mare ni da ya fi mini sauƙi.

In ya gama zai yi magana ƙasa-ƙasa, yadda 'yan aiki ba za su ji ba.

"Malam, ɗazu na ji ka ce ƙarfi ba ya ɓacewa."

Ka ce, "Haka ne, Baba."

"To na amalanken nan ina ya tafi?"

Wannan ka sani. Ka ce wani ya zama zafi a hannunka, wani ya zama ƙarar da aka ji, sauran ya shiga ruwa ya motsa shi. Zai gyaɗa kai kamar ɗalibin kirki, har ya maimaita a bakinsa. Sannan ya ɗaga ido a karon farko ya dubi jan ruwan yana wucewa ta ƙarƙashin gada.

"Na gane. To nawa fa, na wata huɗun nan? Shi ina ya shiga?"

Ba gatse yake yi ba, da gaske yake tambaya, domin ya ɗauka kai mai ilimi ne. Zai ɗan jira. Sannan zai miƙe, ya karkaɗe gwiwa, ya hau tudu ya mirgino tsohuwar tayarsa, ya ɗauki buhun ƙaiƙayi ya fara watsawa daga sama, domin jibi akwai tsinka ta biyu.

Maganar fili ba za a sake tayar da ita ba. Ba za a ce an fasa ba, kawai wata rana za ka ji Mudassiru ya dasa albasa a wurin. Saliha ma ba za ta ce ai na gaya maka ba. Sati biyu za ta yi tana ba ka tuwo a baki saboda hannun ba ya riƙe komai, kuma duk miyar da za ta yi a kwanakin nan ta kuka ce, ko ƙwayar tumatir ba za ta shigo gidan ba.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya same ka, hannun nasa ma bai gama dawowa daidai ba. Shadda, takalmi, fata, fili da mutunci, duk wanda ya salwanta a gangare, mai shi ne ya tura. Kimiyya ma ta ce a gaya maka babu ruwanta, abin da ta faɗa shi ya faru, ko kwando ɗaya ba ta yi ƙarya a kai ba. In ka ga tsohuwar taya a ɗaure a bayan amalanken wani, ka gaishe ta ka wuce. In kuma ka bi matakan nan har surukinka ya yi maka waccan tambayar, kada ka turo mini. Rani biyu ke nan ina koya wa yara cewa ƙarfi ba ya ɓacewa, kuma duk sanda na juya zan rubuta a allo, sai na ga dattijon a durƙushe da man kaɗe a hannu yana jira in gaya masa inda nasa ya shiga.